Labarin Zuciya a Tambayi Fuska? Ba Kullum Ba

Tun ranar 31 ga Janairun 2024 da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara su sama da 2,600 a Gusau, hujjar da aka fi kafawa ita ce ɗan gari ya fi baƙo sanin ɓarayin daji. Idan sanin hanya ake nufi da sanin asalin kowa, babu musu. Amma wasu sun ja zancen ya yi nisa, har suna cewa a fuska suke gane mugu. A nan gizo ke saƙar.

Tun 1872 Charles Darwin ya yi rubutu kan yadda jini ke hawa fuska idan kunya ta kama mutum. Kowa na yin haka, sai dai a fata mai duhu ba a cika gani ba, shi ya sa mu ido muke duba, mu ce ya kaɗa ya yi ja. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne abin da mai kallo ya zo da shi a ransa. A 2003 Kurt Hugenberg da Galen Bodenhausen na Jami'ar Northwestern a Amurka sun nuna wa Turawa fuskokin da aka ƙera a kwamfuta, suna sauyawa daga fushi zuwa fara'a. Masu ɓoyayyar ƙyamar baƙar fata sai suka ga fushin ya daɗe bai bar fuskar baƙar fata ba, alhali motsin fuskokin iri ɗaya ne. Na'ura ma ba ta tsira ba: a 2018 Lauren Rhue ta gwada manhajar Face++ mai karanta fuska da hotunan 'yan ƙwallon kwando na NBA, manhajar ta fi jingina fushi ga baƙaƙen fata ko da suna murmushi.

A Anka da Gummi da Bukkuyum abin juyawa ya yi. Farar fata da dogon hanci su ne suka zama abin zargi. Saurayi Bafulatani ya shigo kasuwa ya sayi gishiri da kanwa, bai saki fuska ba, bai haɗa ido da kowa ba, sai a fara raɗa: “Dubi yadda ya murtuke, wannan nasu ne.”

Abin da muka manta, kuma kakanninmu da suka yi zaman fura da nono da Fulani sun sani sarai, shi ne pulaaku. Tun yana bin maruƙa ake koya wa yaron ruga kunya da haƙuri da danne abin da ke ransa. Ba ya cin abinci a bainar jama'a, ba ya nuna yunwa ko tsoro, ba ya ƙura wa babba ido. Wanda ya taɓa kallon sharo ya ga ƙarshen abin: bulala na sauka a jikin saurayi, shi kuwa ko gezau, don motsa fuska abin gori ne har abada. To mutumin da aka rena haka, ta yaya za a karanta zuciyarsa da ma'aunin ɗan birni mai faran-faran? Jan idon ma, wuni a rana da ƙurar hunturu sun isa su kawo shi. Ban da haka, Fulani baƙaƙe suna nan birjik, Hausawa farare ma haka, kuma makiyaya da yawa shanunsu aka fara korawa kafin a taɓa kowa.

Ba raina ciwon jama'a nake yi ba. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga sun afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna suka ce sun kai 200. Wanda ya binne ɗan'uwansa a ranakun nan, tsoro ne zai riga shi kallon kowace fuska. Daidai wannan dalilin ne ya sa bai kamata a miƙa wa mutum bindiga a bar masa hukunci da ido ba. Kowane marar laifi da aka taɓa saboda launinsa, 'yan bindiga ne ke cin ribar, domin ƙannensa na da inda za su kai kuka.

Ya kamata gwamnatin jiha ta sa wannan darasi cikin horon askarawa, sarakunan Anka da Gummi da Bukkuyum kuma su zaunar da arɗo-arɗo tare da shugabannin kasuwa, su shaidi masu shiga da fita. Wanda ake zargi a kai shi gaban hukuma da shaida, a daina kama mutane don sun ɗaure fuska.