Ajiye kwas ko dakatar da karatu: Yadda yake shafar bashin karatu da tallafin ɗalibi

A garuruwa irin su Ketare da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, dalilan da ke sa ɗalibin jami'a ya bar aji a tsakiyar zango ba su da wuyar ganewa. Wani an kai hari ƙauyensu ya dawo ya kwashe iyaye, wani mahaifinsa ya kasa noma gonarsa saboda 'yan bindiga, wani kuma kuɗin mota zuwa Katsina ko Dutsin-Ma ko Zariya ne ya gagare shi tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, yadda ɗalibi ya bar ajin ne ke yanke hukunci kan tallafinsa. Wanda ya bi ƙa'ida ya sanar da makaranta a rubuce da wanda ya ɗauki jakarsa ya tafi shiru, makomarsu ba ɗaya ba ce.

Tallafin da ake magana a kai

Tallafi iri biyu ne ɗaliban wannan yanki suka fi dogara da su. Na farko bashin karatu ne na Asusun Ba da Lamunin Karatu na Najeriya, wato NELFUND, wanda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa dokarsa hannu a watan Afrilun 2024, aka kuma buɗe shafin neman sa a watan Mayun shekarar. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye cikin asusun makarantar, sannan ya ba ɗalibin da ya nema Naira 20,000 duk wata domin ɗawainiya. Babu ruwa a bashin, kuma ana fara biya ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, inda za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Ɗaliban makarantun gwamnati ne ke cin gajiyarsa, kamar Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina.

Na biyu shi ne tallafin da ba a biya, irin na Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Jihar Katsina da na Gwamnatin Tarayya da na kamfanonin mai. Dukkansu sun ginu ne a kan sharaɗi ɗaya: mutum ya kasance ɗalibi mai cikakkiyar rajista a shekarar da ake ciki. Na gasa kuma suna ƙara sharaɗin maki.

Ajiye kwas ɗaya

Kowane kwas a jami'a yana da nauyinsa da ake kira yunit. A tsarin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta shimfiɗa, ɗalibi na cikakken lokaci yana ɗaukar yunit 15 zuwa 24 a zango guda. Bayan rajista, makarantu kan ba da 'yan makonni da ɗalibi zai iya ƙara kwas ko ya ajiye wani ta hanyar cike fom. Idan ya ajiye a cikin wannan wa'adi, kwas ɗin ba ya shiga lissafin makinsa. Idan kuwa ya bar sunansa a rajista ya ƙi shiga jarrabawa, sifiri za a rubuta masa.

Ga misali. Ɗalibi ya yi rajistar kwas shida, kowanne yunit uku, jimilla 18. Ya ci B a guda biyar, wato maki huɗu-huɗu a ma'aunin da ke tsayawa a biyar. Idan ya ajiye na shidan bisa ƙa'ida, za a raba maki 60 da yunit 15, sakamakonsa ya zama 4.0. Idan ya yi watsi da shi kawai, za a raba 60 ɗin da 18, ya faɗo 3.33. Karatu ɗaya, ƙoƙari ɗaya, amma takarda guda ta raba su. Ga mai riƙe da tallafin gasa da ke buƙatar maki mai yawa, wannan tazara kaɗai ta isa ta raba shi da kuɗinsa.

Sai dai ajiyewar ma tana da iyaka. Ba a yarda ɗalibi ya sauka ƙasa da mafi ƙarancin yunit ba tare da izini ba. Haka kuma kwas na dole da aka ajiye yana nan yana jira, kuma idan shi ne matakin shiga wani kwas a shekara mai zuwa, to ya tare hanya. Daga nan ake samun ƙarin shekara. Ga mai bashin NELFUND, ƙarin shekara na nufin ko dai ƙarin bashi ko kuma iyaye su biya daga aljihu. Jami'o'i kuma suna da iyakar zama: karatun shekara huɗu ba ya wuce shida a yawancinsu.

Ɗage zango da barin makaranta

Wanda matsala ta fi ƙarfinsa yana da damar neman ɗage zango ko shekara. Yana rubuta takarda ta hannun shugaban sashensa, ya haɗa da hujja, kamar takardar asibiti ko wasiƙar hakimi ko rahoton jami'an tsaro, sai majalisar malaman jami'a ta amince. Idan ta amince, gurbinsa na nan, makinsa bai taɓu ba. Tunda makaranta ce ke tura wa NELFUND bayanan ɗalibanta, kuma kowace shekarar karatu ake sabunta nema, kada ya sa ran kuɗi a shekarar da bai yi rajista ba. Idan ya dawo sai ya sake nema.

Wanda ya tafi ba sanarwa kuwa, sifiri ne zai cika takardarsa a zangon. Makinsa na iya faɗuwa har a sa shi a matakin gargaɗi, daga nan a sallame shi. A nan ne asarar ta fi ciwo, domin kuɗin da asusun ya riga ya biya makaranta da sunansa ba kyauta ba ne. An rubuta shi a kan lambarsa ta ɗan ƙasa da ta banki. Zai fita ba shaidar kammalawa, ga bashi a wuya. Ci gaba da karɓar kuɗin wata bayan an bar makaranta kuwa ya fi haɗari, domin dokar ta tanadi hukuncin ɗauri ga wanda ya ba asusun bayanin ƙarya.

Ga masu 'ya'ya a waje

A Amurka ƙa'idar ta fi tsauri. Cikakken ɗalibin digirin farko shi ne mai yunit 12 a zango, kuma ɗalibin da ya je da bizar karatu yana iya rasa izinin zamansa idan ya sauka ƙasa da haka ba da amincewar makaranta ba. Mai cin tallafin gwamnatin ƙasar da ya janye kafin zango ya kai kashi 60 cikin 100, ana lissafa abin da bai cancanta ba a mayar. Duk mahaifin da ɗansa ke karatu a wata ƙasa, ya kamata ya san irin wannan sharaɗi kafin yaron ya taɓa rajistarsa.

Abin da ya kamata a yi

Kafin ɗalibi ya ajiye kwas, ya fara ganin malamin da ke kula da ajinsu ko jami'in jarrabawa na sashe, ya tambayi ranar rufe wa'adi da yawan yunit da zai rage masa. Ya sake karanta takardar tallafinsa ya ga makin da aka gindaya. Ya riƙe kwafin duk takardar da ya miƙa, da hatimin ofishin da ya karɓa. Idan hanya ba ta biyuwa, ya aika takardar ta hannun abokin karatu, ya kuma kira sashen ya tabbatar ta isa.

Iyaye da masu ɗaukar nauyi, musamman 'yan kasuwa da ma'aikatan da ke riƙe da 'ya'yan 'yan uwa daga karkara, su daina tsayawa ga tambayar "an biya kuɗin makaranta?" Su nemi ganin takardar rajistar kwasa-kwasai da sakamakon kowane zango. Idan yaro ya dawo gida a tsakiyar karatu, tambayar farko bayan an yi masa barka da zuwa ita ce ko ya rubuta wa makaranta.