Gure: masu burin tada tsohuwar Vespa

Babur ya daina zama abin kallo a garin Gure tun da jimawa. Daga farkon shekarun 2000, lokacin da baburan ƙasar Sin irin su Kasea da Haojue suka cika kasuwanni da araha, ɗan kabu-kabu da dillalin dabbobi da mai awon hatsi duk sun hau, har ta kai ranar kasuwar Subdu ko ta Gidigir ƙurar babura kan yi gasa da ta garken shanu. Amma akwai wani abin hawa guda wanda har gobe, in ya gitta ta bakin tasha da ƙararsa mai kama da ta ƙwaro, sai dattawa sun katse hira sun bi shi da kallo. Wannan kuwa ita ce Vespa, wadda bakin Bahaushe ya mayar Besfa.

Waɗanda ke tafiya da ƙafarsu ba su da yawa. Sauran suna jingine cikin zaure ko bayan rumbu, an lulluɓe su da tsohuwar tabarma, tayoyi sun sace, kaji sun mayar da wurin ɗora ƙafa akurki. A kansu ne wasu ma'aikatan gwamnati da ƴan kasuwa, galibi waɗanda aka goya a bayan irin wannan babur suna yara, ke ta saƙa da warwara: su samu guda ɗaya ta ainihi, ƙirar Italiya, su tada ta, su shafa mata fentinta na asali, su hau ta zuwa masallacin Juma'a kamar yadda iyayensu suka yi. Sai dai ba su kaɗai ke zawarcinta ba. Masu sayen tsohon ƙarfe suna bin gida-gida da amalanke da sikeli, su kuwa ba ruwansu da Italiya, kilo suke aunawa. Vespa ɗin da ta shiga hannunsu, guduma ce makomarta.

An haifi wannan babur a garin Pontedera, kusa da birnin Pisa. Kamfanin Piaggio jiragen sama yake ƙerawa, yaƙin duniya na biyu ya ragargaza masa masana'anta, sai mai kamfanin, Enrico Piaggio, ya nemi abin da talakan Italiya zai iya saye ya hau bisa hanyoyin da bama-bamai suka farfasa. Ya ɗora aikin a kan wani injiniyan jiragen sama mai suna Corradino D'Ascanio, mutumin da aka sani da ƙin babur: yana ganin sa ƙazamin abu, mai ɓata tufafi da man sarƙa, mai wahalar canjin taya. Don haka ya zana abin da ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan aibobi. Ya rufe inji ruf a gefen dama, ya haɗa shi kai tsaye da tayar baya ba tare da sarƙa ba, ya sa garkuwar ƙarfe a gaban ƙafafu, ya kai giya hannun hagu, tayar gaba kuma ya riƙe ta da hannu ɗaya irin na ƙafar saukar jirgi. An yi rajistar ƙirar ranar 23 ga Afrilu 1946. Ta farkon injinta 98 cc ne, gudunta bai wuce kilomita 60 a awa ba. Kafin ƙarshen 1956 an ƙera miliyan guda.

Sunan kansa abin lura ne. Da Italiyanci vespa na nufin ƙwaron nan mai siririn ƙugu da babban baya, wato dangin zanzaro da rina. Duk wanda ya dube ta daga sama zai ga dalili. Abin dariyar shi ne, a nan ƙasar ba masu zanzaro da riga ne suka fi cin moriyarta ba, masu babbar riga ne. D'Ascanio ya yi tunanin Baturen ofis da kwat ɗinsa da kuma mace mai siket, bai san yana yi wa alhazai da malaman Hausa da na Barno aiki ba. Mai babbar riga ba ya ɗaga ƙafa ya tsallake tanki. Shiga yake yi ya zauna kamar a kan kujera, ya tattara hannuwan riga a kafaɗa, ya isa wurin ɗaurin aure shaddarsa fes, ba ɗigon baƙin mai. Babu wani babur na wancan zamani da ya mutunta tufafin mutanen nan kamar haka, kuma wannan ne asirin farin jininta daga Kano har Damagaram.

Zamanin albashi

Shekarun 1970 su ne ganiyarta. A Nijeriya kuɗin man fetur ya shigo, kwamitin Udoji ya ƙara wa ma'aikata albashi, aka biya su bashin watanni a dunƙule a farkon 1975, kasuwannin Kano suka cika da rediyo da agogo da babura. A Nijar kuwa kuɗin ƙarfen uraniyom na Arlit ne ya ɗaga baitulmali. A cikin shekarun ne kuma aka shimfiɗa Hanyar Haɗin Kai daga Gure zuwa Gigimi da taimakon ƙasar Kanada, garin da ke kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram ya zama zango a kan babbar hanyar ƙasa. Ƙaramin ma'aikaci yana farawa da keke, ya kai ga mobilet. Ranar da aka gan shi bisa Vespa, an san ya zama wani. Daraktan makaranta, babban malamin asibiti, magatakardan ofishin sufurufe, ɗan kasuwar da ke kai kanwa da dabbobi kudu, su ne mahayanta. Wanda yake burin tada ta yau, in an tona, ba ƙarfen kaɗai yake nema ba, wancan zamanin yake jin ƙamshinsa, lokacin da albashi ɗaya kan ciyar da gida har ya sayi abin hawa daga Turai.

Abin da ya kwantar da ita ma sananne ne. Farashin uraniyom ya faɗi, albashi ya riƙa makara watanni a cikin shekarun 1990, sannan ranar 12 ga Janairu 1994 aka wayi gari darajar sefa ta ragu da rabi: tamma ɗaya ta Faransa da take sefa 50 ta koma 100. Duk wani ƙarfen gyara da ke fitowa daga Turai ya ninka kuɗi. Da yawa daga cikin baburan da ke kwance a zaurukan ƙasar nan ƙaramar cuta ce ta kwantar da su, wadda mai gida ya ce sai an yi albashi, albashin bai zo a kan kari ba, daga baya kuma baburan Sin suka iso.

Gaskiyar da mai buri ba ya son ji ita ce, Vespa ba don rairayin Muniyo aka yi ta ba. Tayoyinta ƙanana ne, inci 8 a samfurin Super, inci 10 a Sprint da PX, cikinta kusa da ƙasa yake, nauyin inji kuma yana rinjayar ta dama. A unguwannin Gure da yashi ya cinye, ko a hanyar Kelle da Tesker, za ta nutse har ciki inda babur mai dogayen ƙafafu zai wuce. Haƙiƙa a gasar Paris-Dakar ta 1980 wasu Faransawa sun shiga da Vespa huɗu, biyu suka isa Dakar. Amma su da motocin rakiya da makanikai a bayansu. Ta mutumin Gure ƴar kwalta ce da cikin gari. Abu ɗaya ƙasar ta yi mata alheri: bushewar iska. Gangar jikinta faranti ɗaya ne na ƙarfe, shi ne ƙashinta shi ne fatarta, in tsatsa ta cinye daɓen ƙafa babur ya mutu ke nan. A Turai wannan ce cutar da ke kashe su. A nan sai wadda aka ajiye inda ruwan indararo ke zuba, ko wadda ta sha zirga-zirga cikin kwarurukan kanwa, don gishirin kanwa ba ya ga maciji da ƙarfe.

Kafin a ciro ko dala

Tambaya ta farko ita ce: ta Italiya ce ko ta Indiya? Kamfanin Bajaj ya ƙera Vespa da izinin Piaggio har zuwa 1971, daga nan ya ci gaba da nasa mai suna Chetak, wanda ya kwaikwayi Sprint, sama da shekara 30. Wani kamfanin Indiya, LML, ya yi ta ƙera kwafin PX har ya rufe a 2017. Baburan kirki ne, amma ba su ne abin da mai buri ke nema ba, kuma dillali mai wayo tambarin gaba kaɗai zai canza. Shaidar da ba ta ƙarya lamba ce da aka buga a gangar jiki, ƙarƙashin marufin gefe. VBC1T Super 150 ce, VLB1T Sprint 150 ce, dukansu sun fito a 1965. VLX1T kuwa PX 150 ce, daga jerin da aka fara a 1977. Harafin T na nufin gangar jiki. A kan inji za a ga irin lambar da harafin M. In jiki ya ce Sprint, inji ya ce wani abu dabam, an taɓa yi mata dashe, kuma kuɗinta ya ragu.

Injin kansa mai sauƙin hali ne, irin wanda ake gauraya wa mai da esansi. Ƙa'idar waɗannan samfurori kashi 2 cikin 100 ce, wato mililita 20 na mai a kowace lita. Mai saye a kwalba wurin ƴan ruwa-ruwa ya auna da kansa, ya kuma tace, don ƙarancin mai shi ke kama fistan, yawansa kuma ya toshe buji da salansa. Wadda ta shekara 20 a kwance, robobin da ke riƙe mai a gefen kurangashaf sun bushe, dole a buɗe inji biyu a canza su. Akwai wani ƙaramin ƙarfe mai siffar gicciye da ke zaɓen giya. In ya cinye, babur zai riƙa fitar da giya da kansa ana cikin tafiya. Sai wayoyin giya da na kuloci da na burki, waɗanda suke bi ta cikin jiki, zura su kuwa aikin mai haƙuri ne. Ga mutumin Gure, abin da ya fi kowanne shi ne wata ƴar roba mai lanƙwasa da ke kai iska daga ƙarƙashin sirdi zuwa akwatin karbireto. In ta yage, injin zai riƙa shaƙar yashi kai tsaye, sabon fistan ba zai ga ƙarshen hunturu ba.

Kayan gyara suna nan, amma ba a Gure ba. Piaggio ta daina ƙera PX lokacin da dokar hayaƙi ta Turai mai suna Euro 4 ta game dukan sababbin babura a 2017, don haka yawancin abin da ake samu a kasuwa na Indiya ne, wanda sa'a ta sa yake shiga daidai a injin Italiya. Ana soma cigiya a kasuwar Dole ta Damagaram, in ba a dace ba sai Kano, ta Magarya ko ta Matamaye. Mai zuwa Kano ya tafi da tsohon ƙarfen a aljihu, ya kuma shirya bakinsa, domin abin da makanikin Gure ke kira buji can fulogi ne, ambarayaji kuma kuloci. Hanyar ma ba kullum take a buɗe ba: Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ta sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Gyaran da aka yi wa lissafin wata uku yana iya cin shekara biyu. A Kano ɗin, mai buri zai ga jikokin baburinsa sun cika titi, domin adaidaita sahu daga Ape ta samo asali, mai ƙafa uku da Piaggio ta fitar daga jikin Vespa a 1948.

Wahalar da ta fi ta kaya ita ce ta hannu. Yaran da ke gareji yanzu sun tashi ne a kan injin Sin, wanda in ya lalace ake cire ɓangare a sa sabo. Vespa kuwa ana sauraren ta ne. Masu iya daidaita wutarta da ƴar takardar sigari, su gane ciwonta daga ƙara tun ba su taɓa ta ba, dattawa ne, ido ya fara rauni, kuma kaɗan daga cikinsu ne suka bar almajiri. Duk wanda ya ce zai jira sai ya yi ritaya kafin ya fara, yana iya samun kuɗin a lokacin da babu sauran mai karɓarsu. Abin da ya fi dacewa shi ne a kai wa tsohon makaniki aikin tun yanzu, a haɗa shi da yaro mai ƙwazo, a biya su biyun.

Saura takardu, inda ma'aikaci ya fi kowa sanin zafin sakaci. Yawancin waɗannan babura kayan gado ne. Abin da ya shekara 30 kaji na kwana a kai ba wanda ya kula, ranar da ya sha fenti ya fito yana ƙyalli, magada za su tuna da rabonsu. A yi ciniki da su duka, gaban shaidu, a rubuta, kafin a kwance ko ƙusa ɗaya. Takardar mallaka, wato kart-giriz, in tana da sunan mamaci sai an juya ta. Wadda aka shigo da ita daga Nguru ko Kano sai ta bi ta duwan. Sannan inshora da lamba. Jandarman da ke bakin hanya ba zai karɓi tarihin Pontedera a madadinsu ba.

Ranar da ta tashi ma ba ranar gudu ba ce. Sabon fistan yana son a lallaɓa shi ɗaruruwan kilomita, ba a murɗe maƙura har ƙarshe, ana tsayawa inji ya huce. Tankinta na ɗaukar wajen lita 8, abin da zai kai mutum gonakin dabinon Gidimuni ba fargaba, in dai ya fita da sanyin safiya, da tayar safaya a maƙale, da buji guda, da wayar kuloci, da ƴar kwalbar mai a cikin akwati.