Juyin Ƙwayar Zarra Da Neman Mai A Fatakwal

Duk wanda ya ratsa unguwar masana'antu ta Trans-Amadi a Fatakwal zai ga harabobin kamfanonin aikin rijiyoyin mai. Cikin kayan wannan sana'a akwai na'urar da akan zura cikin rijiya ta faɗi yawan ruwa ko man da dutse ya ƙunsa. Asirinta wata ɗabi'a ce ta 'ya'yan ƙwayar zarra wadda masana ke kira juyi.

Kada mai karatu ya zaci juyi ne irin na katantanwar yara. Fuskantar wata nahiya ce, kamar ta allurar kamfas. A 1922 Stern da Gerlach suka harba ƙwayoyin azurfa ta tsakanin maganaɗisu a Jamus, sai suka rabu gida biyu: sama ko ƙasa, babu tsaka-tsaki.

Abin al'ajabi, mutum in ya juya digiri 360 ya koma yadda yake, amma su sai sun cika 720. A ɗora faranti a tafin hannu a juya shi sau ɗaya, hannu zai murɗe. A zarce da juyi na biyu ta saman kai, sai ya warware. An tabbatar da haka a gwaji a 1975.

To, maganaɗisun na'urar shi ke jera ƙwayoyin haidurojin na ruwa da mai su fuskanci wuri ɗaya, sa'an nan a kaɗa su da igiyar rediyo, a saurari amsarsu. Amsar nan na cikin abin da akan duba kafin a san ko rijiyar da ta ci maƙudan kuɗi za ta biya. Hikimar nan ce kuma ke aiki a na'urar MRI ta asibiti.