Koyon ɗinki a kan rigar ƴar tsana

Ƴar'uwa, atamfa tana da tsada, kuma abin da almakashi ya yanke ba ya komawa. Saboda haka ki fara koyo a kan rigar ƴar tsana. Ƙyallayen da telolin Jiratawa ke zubarwa sun ishe ki.

Ki zana rigar a takarda, ki yanka ƙyalle, ki bar santimita 1 a kowane gefe domin kalmasa. Ki fara kama gefunan da ɗinki mai tazara, ki gwada mata. Idan ta matse, warwarewa ba wuya. Manyan telolin Faransa ma haka suke yi. Sannan ki bi da ɗinki ƙanana, kusa da kusa. Hammata tana son natsuwa. Ki bar ta sai yara sun yi barci.