MAJALISAR MAI SHAYI A AGEGE

Duk wanda ya bi ta unguwar Hausawa a Agege bayan sallar Asuba zai tarar majalisa ta cika a teburin mai shayi. Masu gadi sun taso daga aiki, 'yan dako da 'yan acaɓa ba su fita ba tukuna, rediyo kuwa na ta yi a gefe.

A nan ake naɗa gwamna a kuma tuɓe shi kafin shayi ya huce. Amma fa hirar ba ta banza ba ce. Ran 1 ga Yuni 2022 Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Apapa, samarin Arewa da dama suka rasa abin yi. Ran 29 ga Mayu 2023 kuma Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa kusan 500. Kuɗin mota zuwa gida ya hau, abin aika wa iyali ya ragu.

Samari na cewa gara a koma gona. Dattawa kuwa kan tuna masu cewa 'yan bindiga sun raba wasu ƙauyuka da gonakinsu.

Sai dai in an zo maganar katin zaɓe, bakin wasu kan mutu, don nasu rajistar na can Sakkwato ko Katsina, alhali kuwa hukumar zaɓe ta yarda mutum ya maido da ita inda yake zaune. Mai neman kujerar gwamna a Legas ba ya ƙirga surutun teburin shayi, ƙuri'a yake ƙirgawa.