Ƙaramar jif mai fetur da mai lantarki: Wacce ta fi sauri a titunan Yola?

A watan Maris na 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kashe sama da naira biliyan 150 wajen sayen motocin bas da Keke Napep masu amfani da lantarki, da kafa wuraren cajinsu, a jihohin Arewa maso Gabas, ciki har da Adamawa. Wannan ya sa zancen motar lantarki ya iso teburin ma'aikacin da aka tura aiki Yola, da hadimin da aka ɗora wa nauyin zaɓar wa maigidansa mota. Tambayar farko da ke fitowa daga bakin direba kuwa ita ce: tana gudu?

Motar da ta fi dacewa a auna wannan tambaya da ita ita ce Hyundai Kona, domin ƙaramar jif ce da aka ƙera iri biyu a jiki ɗaya, mai fetur da mai lantarki. Kamfanin Stallion ne ya haɗa mai lantarkin a Legas, aka ƙaddamar da ita a Nuwamban 2020, sannan hukumar NADDC, a ƙarƙashin shugabancin Jelani Aliyu, ta gabatar da ita a Abuja a Fabrairun 2021. A alƙaluman kamfanin, mai batirin kilowat-awa 64 tana tashi daga tsaye ta kai gudun kilomita 100 a awa cikin sakan 7.6, amma in ta kai 167 ta ƙure maleji. Mai fetur mai injin lita 1.6 da turbo, wadda ƙafafunta huɗu ke ja, tana ɗaukar sakan 7.9, gudunta kuma ya kai 205. Ƙanwarta mai injin lita 1.0 sai ta ci sakan 12, ta tsaya a 181.

Wanda ya duba takarda zai ce tazarar 7.6 da 7.9 ƙiftawar ido ce. A bisa kujerar direba kuwa abin ya fi haka. Injin fetur sai ya ɗauki wuta kafin ƙarfinsa ya fito: a taka totur, turbo ta cika da iska, giya ta sauka daga ta shida zuwa ta huɗu ko ta uku, sannan mota ta zabura. Injin lantarki yana bayar da dukkan ƙarfin murɗawarsa tun daga juyin farko, kuma giyarsa ɗaya ce tak, babu jiran sauyi. Ƙarfin murɗawar Kona mai lantarki ya kai ma'auni 395, na mai fetur 265. Shi ya sa take fizgar jiki nan take, duk da cewa batir ya ƙara mata nauyin kimanin kilo 300.

A Jimeta wannan fizgar ita ce abin da ake amfani da shi kullum. Tuƙi daga Shataletalen Mubi zuwa babbar kasuwa, ko daga sakatariyar tarayya zuwa cikin garin Yola, tashi ne da tsayawa a tsakanin ɗaruruwan Keke Napep, ko da gadojin saman da gwamnatin Ahmadu Umaru Fintiri ta gina sun rage cunkoso. A irin wannan tuƙi motar fetur tana ƙona mai tana tsaye, ita kuwa mai lantarki duk lokacin da aka ɗaga ƙafa daga totur sai injinta ya koma janareto, ya mayar da wani abu cikin batir. Sai dai akwai abin tsoro da dillalai ba sa yawan ambata. Motar ba ta da ƙara. Mai talla da ɗan makaranta da suka saba jin mota da kunne kafin su gan ta ba za su ji zuwanta ba, direban da ƙafarsa ta saba da jinkirin injin fetur kuma zai iya samun kansa a bayan keke kafin ya ankara.

Inda zabura ke zama batun rai shi ne wajen wuce tirela a hanya mai hannu ɗaya, irin wadda ta tashi daga Gadar Jimeta ta bi Girei da Song da Gombi zuwa Mubi, ko ta Numan zuwa Gombe. Duk sakan ɗin da mota ta yi a hannun da ba nata ba haɗari ne, kuma a nan mai lantarki ta fi, musamman idan aka gwama ta da mai ƙaramin inji da ta ɗauki mutum biyar da kaya.

Fifikon mai fetur a ƙurewar gudu, wato kilomita 38 da ke tsakanin 205 da 167, ado ne kawai. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ga motar gida ita ce 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a kan titin da aka raba hannu biyu. Ramuka da shanu da shingayen jami'an tsaro ma sun isa su hana kowa kusantar ko ɗaya daga cikin alƙaluman biyu.

Amma ma'aikaci yana auna sauri ne da lokacin da ya bar gida da lokacin da ya isa, kuma a nan lissafin ya juye. Kamfanin ya ce cikakken caji yana kai Kona kilomita 482, to amma wannan awo ne na gwaji. Turjiyar iska tana ninkawa huɗu idan gudu ya ninka biyu, saboda haka mai tsere yana zubar da batirinsa ne a hanya. Ga na'urar sanyaya mota da ba a iya kashewa a Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola ke haura digiri 40. Daga Yola zuwa Abuja ta Gombe da Bauchi da Jos kusan kilomita 800 ne. Tankin mai fetur na lita 50 ana cika shi cikin minti biyar idan babu layi. Mai lantarki tana buƙatar awa ɗaya da kwata a na'urar caji mai sauri ta kilowat 50 kafin ta kai kashi 80, ko awa tara da rabi a na'urar bango, a soket ɗin gida kuwa sai ta wuce kwana guda. Tashoshin caji masu aiki da hasken rana da NADDC ta fara kafawa a jami'o'in Sakkwato da Legas da Nsukka babu ko ɗaya a kan wannan hanya. Mutanen Yola kuma ba su manta da Afrilun 2024 ba, lokacin da ɓarayi suka kayar da turakun layin Jos zuwa Gombe, yankin ya yi makonni cikin duhu.

Saboda haka ofishin da zirga-zirgarsa ba ta wuce Jimeta da Yola da Girei da Numan ba, kuma yana da sola ko layin wuta mai ƙarfi a harabarsa, mai lantarki za ta fi masa sauri da sauƙi, muddin an ba direba 'yan kwanaki ya saba da totur ɗinta kafin ya shiga kasuwa. Hadimin da maigidansa kan ce da asuba a kama hanyar Abuja, gara ya rubuta mai fetur a takardar sayayya, har ranar da za a samu na'urar caji mai sauri a Gombe da Bauchi da Jos.