Mai Saye Ya Rage Tayi Bayan An Sallama Masa: Ina Dabara?

A ƙasar Karaye da ta Rogo, waɗanda tun 2024 su ke ƙarƙashin Masarautar Karaye, gona ta yi daraja ƙwarai. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a 1992 noman rani ya kankama, fadamun rake na Rogo kuwa ba su rasa masu nema. To, inda kuɗi ya yawaita, wayo ba ya nisa. Akwai wata ɗabi'a da ya kamata jama'a su lura da ita: mutum ya taya gona ko gida, a yi ta albarka har a sallama masa, a sa ranar biya, sai ranar ta matso ya aiko dillali ya ce ba zai iya ba sai an rage masa.

Ba a ranar farko a ke yin wannan ba, sai an ga mai kaya ya shiga matsi. An san ba don nishaɗi a ke rabuwa da gonar gado ba. Wani kujerar Makka zai biya, wani aurar da 'ya zai yi, wani kuma magada ne su ka sa shi gaba a raba musu haƙƙinsu. Mai saye ya ji duk wannan a bakin dillali. Sai ya bari an kori sauran masu tayi, an yi wa mutane alkawari bisa kuɗin da ba su zo hannu ba, sa'an nan ya ce naira miliyan 5 ɗin nan ta koma miliyan 4. Ya san mai gona zai ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

A Ingila ma an san wannan hali, gama dokarsu ba ta ɗaure kowa a cinikin gida sai an yi musayar takardun yarjejeniya masu sa hannu, kafin nan kowa na iya janyewa ko ya sake farashi. Amma mu nan ba haka shari'armu ta ke ba. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu su ke hukunci da ita, ciniki ya ƙullu da zarar mai saye ya ce ya saya, mai sayarwa ya ce ya sayar, a kan abu sananne da kuɗi sananne. Ko ba su tashi daga wurin ba, babu mai ikon warwarewa shi kaɗai, sai fa in sun yi sharaɗin zaɓi tun farko, wanda malamai su ka ƙaddara shi da misalin wata guda a cinikin gida.

Saboda haka tambayar da mai gona zai fara yi wa kansa ita ce: ciniki ya faɗa, ko kuwa tayi ne kawai? In tayi ne, babu abin da ya ɗaure mai saye, babu kuma abin da ya ɗaure shi. Sai ya ce albarka, ya nemi waɗanda su ka taya a da. In kuwa an sallama a gaban shaidu, to, abin da mai saye ya ke nema yanzu roƙo ne, ba haƙƙi ba. Mai gona ya ga dama ya yi masa rangwame don Allah, ya ga dama su warware cinikin da yardar juna, ya ga dama ya kai shi gaban alƙali a sa shi cika kuɗi.

Sai dai a yi adalci, ba kowane mai neman ragi ne macuci ba. In an auna gona aka tarar ba ta kai yadda aka faɗa ba, ko damina ta tona cewa katangar gida ta tsage aka shafe ta da yaɓe, mai saye yana da magana. Littattafan da alƙalai su ke dubawa, kamar Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibn Asim, sun rarrabe aibin gida: ƙarami ba a kula shi, matsakaici a rage kuɗi gwargwadonsa, babba kuwa a mayar da ciniki. Don haka kada mai gida ya yi fushi tukuna. Ya ce a nuna masa aibin, a kira magini ko dattawan unguwa su ƙimanta. Wanda ya zo da gaskiya zai nuna, mai neman hanya kuwa sai ka ji ya koma zancen kasuwa ta faɗi.

Wurin da na ga jama'a su na yawan kuskure shi ne kafin alƙalami. Da yawa su na zaton in mai saye ya janye, kuɗin nan ya zama nasu. Imamu Malik bai halatta ciniki a kan wannan sharaɗi ba. Kafin alƙalami yanki ne na kuɗin kaya, in an warware a mayar wa mai shi. Wanda ya yi gaggawar kashe shi a taki ko kayan ɗaki, shi ya ɗaure kansa, domin ranar da aka ce ya rage ko ya maido, ba shi da na maidowa, dole ya rage. A ajiye shi wurin amini har ciniki ya kammala.

Dillali kuwa, a saurare shi da kunne ɗaya. La'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, abin da zai rasa in an rage miliyan guda kaɗan ne, abin da zai rasa in an fasa shi ne duka. Ba mamaki in ya ce maka, "Alhaji, haƙuri za ka yi, kasuwa ba ta da kyau."

Akwai kuma ƙofofin da mai gona da kansa ya ke barin su buɗe. In gonar gado ce ba a raba ba, ɗan'uwa mai tarayya a ciki yana da haƙƙin shuf'a, watau ya biya abin da baƙo ya biya ya karɓe rabon da aka sayar, mai saye kuwa zai riƙe wannan hujjar neman ragi. Har wa yau, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, sashe na 21, ta ce ba a mayar da haƙƙin ƙasa na gargajiya ga wani sai da amincewar ƙaramar hukuma. A gama da magada tun kafin a kira dillali. Ranar sallamawa a rubuta takarda a gaban mai unguwa ko dagaci da shaidu biyu adilai, a ambaci iyakoki huɗu da maƙwabta, da jimlar kuɗi, da abin da aka bayar, da ranar cikawa. Kada a bar mai saye ya sa garma ko ya zuba ƙasar gini kafin wannan rana.